Barkar Zaɓen Ingila a Abhur

Ba zan taɓa mantawa da barkar da na kai Abhur ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Wanda duk ya ce maka tuƙa Bature ba ya kumbura kai, to bai san ni a wancan lokacin ba.

Ni haifaffen Jidda ne, a Sharafiyya na tashi. Kakana ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Sana'ata tuƙi: kullum in ɗauko wani Baturen Ingila daga gidansa a unguwar Abhur in kai shi Madinar Masana'antu, inda yake manajan wani kamfani. Abu Tom muke ce masa. Hanya da nisa, shi kuma bakinsa ba ya hutawa, sai na zama majalisarsa. A motar nan na ji cewa ƙasarsu za ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Turai, ana ta ja-in-ja kan yadda za a raba gari, kwatsam sai matar da ke mulkinsu ta kira zaɓe ba lokacinsa ba, wai don ta ƙara ƙarfi a wajen tattaunawa. Matar Abu Tom tsaki ta yi ta ce sun gaji da zaɓe. Shi kuwa har dukan kujerata yake don murna, wai za a yi wa 'yan adawa kaca-kaca.

Abin da na kwasa da rana, shi nake juyewa da yamma a bakin shagon mai tsire. Nan da nan na zama masanin siyasar Ingila na unguwa. 'Yan Najeriya sababbin zuwa suka ce mai mulki ba ya kiran zaɓe sai ya gama cika akwati. Wani ɗan Nijar ya ce ai sojoji take tsoro. Ni kuwa sai in gyara zama in ce, "Ba ku gane ba, jiya ma mun tattauna da Abu Tom." (Tattaunawar ita ce shi yana magana, ni ina cewa yes sa.)

Amma ba don Allah nake son matar nan mai mulki ta ci ba. Babban ɗana Faisal ya girma, ya wuce shekarun zama a ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Ko dai ya samu aiki da kafilin da zai tsaya masa, ko ya bar ƙasar da aka yanke masa cibiya ya tafi Najeriya, wadda a bangon fasfo kawai ya san ta. Na roƙi Abu Tom ya ɗauke shi a kamfani, ya ce in bari a gama zaɓe, inshallah. Ni da aka haifa a garin nan na san abin da inshallah ke nufi a bakin manaja, amma na riƙe ta hannu biyu.

Sakamako ya fito ranar wata Juma'a cikin azumi. Na duba waya na ga jam'iyyar matar ta fi kowa kujeru. To me ya rage? Ta ci. A wajenmu kuwa idan abin alheri ya sami babba, ba a aika masa saƙo a waya, takawa ake yi da manya a yi barka, a nan ne kuma ake shigar da buƙata. Na sa aka gasa tsire faranti guda, irin wanda Larabawa ke layi a kansa suna ce masa siriya. Na ɗauko Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, da limamin unguwarmu, kowa ya sha babbar riga. Faisal ya ce min a labarai fa cewa ake matar ta yi asara, ta rasa rinjayen da take da shi tun farko. Na ce ya rufe min baki, yaushe aka haife shi da zai koya min siyasar Ingila?

Muna shan ruwa muka kama hanya, har da Faisal. Abu Tom ya buɗe ƙofa da gajeren wando, ido ja, fuska kamar an yi masa mutuwa. Ko wannan bai farkar da ni ba. Muka jeru a falo, Kawu ya share murya ya yi barka mai tsawo, liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa matar ɗorewar mulki, ni ina juyawa da Turancina na direba, ina ƙara gishiri.

Sai Abu Tom ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce wace nasara? Mata ta je neman ƙari ta zubar da na hannunta. Daga nan ya ɓalle. Ya ce yara da baƙi ne suka ɓata zaɓen. Ya ce ƙasarsu ta cika da mutanen da don kawai an haife su a can suke ganin tasu ce. Yana faɗa yana nuni da hannu, a tsakiyar falonsa na Jidda, mu huɗu muna zaune a gabansa.

Kawu ya juyo ya tambaye ni me yake cewa. Na ce, "Ya ce ya gode ƙwarai, ya ji daɗin zuwanku."

Jin haka sai Kawu ya ga ƙofa ta buɗe. Ya dafa kafaɗar Faisal ya ce ga ɗanmu nan, mun kawo shi amana. Dole na fassara. Abu Tom ya kalli yaron, ba da mugunta ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya ce ba gurbi, ko an samu, ɗan ƙasa za a ba, kuma shi yana ganin hakan daidai ne, abin da ya zaɓa wa tasa ƙasar ke nan. Sannan ya ƙara da cewa ba mu yake nufi ba fa, mu mutanen kirki ne.

Na juya wajen Kawu, wallahi har na buɗe baki zan ce ya ce zai duba. Faisal ya riga ni, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta.

"Kawu, ba haka ya ce ba. Ya ce mafi shugul, babu aiki. Ya ce baƙo ko nan aka haife shi, baƙo ne. Tun ɗazu haka yake faɗa, Abuya, baban nan nawa, yana ji. Halas, yalla mu tafi."

Kawu bai kalli Bature ba, ni ya kalla. Liman ya shiga neman takalminsa da ido. Kuma kun san abin da na yi a bakin ƙofa? Na rusuna na yi godiya, na tambayi ƙarfe nawa zan zo aiki ranar Lahadi. A gaban ɗana.

Ba mu kai ga mota ba mai aikin gidan ta biyo mu da farantin, wai yaji ya yi musu yawa. Liman ya ɗora shi a cinya. Tun daga Abhur har Sharafiyya ƙanshin tsiren nan ya cika mana motar.

Matar ta ci gaba da mulkinta a daddafe. Abu Tom bai ma san ya yi wani abu ba, ranar Lahadi cewa ya yi in gaishe da tsofaffin nan masu kirki. Faisal kuwa bayan babbar sallah ya tafi Kano wajen dangin uwarsa, inda ake ce masa Balarabe ana dariyar Hausarsa. Har yau abin yana cin raina, kuma ba Baturen na fi jin haushi ba.

Darasin dai na koye shi: kafin ka kai wa mutum barka, fara tambaya ko shi yana murna. Kwanaki Faisal ya kira ya ce ya yanki katin zaɓe, abin da ni da ubana ba mu taɓa riƙewa ba a kowace ƙasa. Na tsaya na tambaye shi, shi a wajensa abin murna ne? Sai kawai ya ce in miƙa wa uwarsa wayar.