Shehun Ibraniyanci da Surukinsa

Allah ya yi wa Hausawan Doha baiwa da likitoci da malaman jami'a, amma babbar baiwarsu ita ce Injiniya Badaruddeen. Da rana yana duba bututun ruwa a wani kamfani da ke unguwar masana'antu ta Sanaiya. Da ya tashi aiki sai ya koma ainihin matsayinsa na masanin tsoffin littattafan Bani Isra'ila, wanda babu kamarsa daga nan har bakin teku. Tekun kuwa ba nisa.

Ilimin ya same shi ne ta wani kwas na intanet. Bai ƙarasa kwas ɗin ba, domin tun ana tsakiya ya lura ya fara wuce malamin. Ya dai fito da kalmomi cike da baki, kuma shi ba marowaci ba ne. Abokai suka laƙaba masa Shehun Ibraniyanci. Su da wasa suka faɗa, shi kuma ya sa aka buga masa a kati.

Duk yammacin Juma'a yakan yi wa jama'a sadakar ilimi a wurin shan shayi a kasuwar Souq Waqif.

"Ku kun tsaya a Attaura da Zabura," in ji shi. "To sunan tarin gaba ɗaya Tanak, kuma kashi uku ne: Attaura, Annabawa, da Rubuce-rubuce. Midrash kuwa sharhi ne. Wanda bai rarrabe nassi da midrash ba, bai kamata ya sa baki a hira ba."

Hirar ƙwallo ake yi. Abin tausayi, abokan nan ba su da sa'a ko kaɗan. Da Shehu ya gyara murya sai ka ji an kira wannan daga asibiti, wancan ya tuna bai ajiye mota daidai ba.

Su abokai suna da wurin gudu. Matarsa Mansuratu ce ba ta da shi. In ta ce na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, sai ya ce wannan riwayar baka ce, sai an tantance. Ta haƙura da wannan, ta haƙura da wanda ya fi shi. Sai ranar da aka bugo daga Zariya cewa goggon da ta raine ta ta rasu. Ta zauna a ƙasa tana kuka. Shehu ya tsaya a kanta ya kasa kunne, fuskarsa cike da sha'awa.

"Ikon Allah! Kin san irin wannan kukan sunansa kina? Waƙar makoki ke nan a wurinsu. Layi na farko dogo, na biyu gajere, kamar dai yadda kike yi."

Washegari ta haɗa akwatinta ta tafi gidan yayanta a unguwar Al Thumama. Mutane suka ce yaji ta yi. Shehu ya gyara musu, ya ce sunansa galut, irin zaman baƙuntar da aka yi a Babila.

Gaskiya dai, ya ji jiki. Gidan ya yi masa faɗi, indomi ta gundure shi, kuma ya gano yana son matarsa fiye da yadda ya taɓa gaya mata. So yake ta dawo, ba da wasa ba. Saboda haka ya aika mata saƙon murya mai tsawon huɗuba a kan berit, wato alkawari mai ƙarfi, da yadda aure ya shiga ƙarƙashinsa. Ba ta buɗe ba.

Ana nan sai mahaifinta, Alhaji Ɗalhatu, ya yada zango a Doha kan hanyarsa ta dawowa daga Umara. Ya aiko cewa zai zo gidan da kansa. A al'ada miji ke zuwa biko yana sunkuyar da kai, ba suruki ke takowa ba. Shehu ya fahimci cewa labarin iliminsa ya kai Zariya.

Abokinsa Aminullahi ya ja shi gefe. "Don Allah ka ji ni. Ka zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai. Duk abin da ya faɗa ka ce, na yi kuskure Baba, a yi haƙuri. Khalas. Kar ka ƙara ko tari."

A ba Shehu haƙƙinsa, ya zauna a ƙasa. Ya sunkuyar da kai har aka gama gaisuwa.

Tsohon ya fara a hankali, yana jan carbi. "Malam Badaru, yarinyar nan ta ce ranar rasuwar goggonta ba ka yi mata ta'aziyya ba. Yayanta kuma ya ce karatu ka yi mata tana kuka. Ni dai na zo ne..."

Idon Shehu ya kawo haske. Ya ɗago kai.

"Allah ya ƙara girma, Baba, ai ka ga matsalar da kanka. Wannan labari ba daga bakin mutum ɗaya ya fito ba. Akwai tsohon tushe, na Mansuratu, gajere. Akwai na baya, na yayanta, mai son bayani." Zuwa nan ya koma kan kujera. "Sannan akwai wanda masana ke kira ridakta, mai ɗinke riwayoyi ya ƙara musu gishiri. Daga salon, Baba, ina jin hannun Hajiya." Zuwa nan yana tsaye. Hajiyar kuwa ita ce uwar matarsa.

Ya ci gaba. Ya bayyana cewa batun kukan ma afokirifa ne, wato bai shiga jerin abin da aka amince da shi ba. Ya nemi Baba ya ɗan jira ya ɗauko allo.

Carbin ya daina motsi. Alhaji Ɗalhatu ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Tun daga Thumama nake yi mata faɗa a mota," ya ce. "Na ce ƙari take yi, babu ɗan mutunci da zai yi haka. Ashe ragewa ta yi. Bari in sauka in ba ta haƙuri."

"Ka sauka ina, Baba?"

Tsohon ya sa takalmansa ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Shehu ya leƙa ta taga. Motar yayan na tsaye a ƙofar gini. Mansuratu na zaune a baya da sabon mayafi, akwatinta kuwa har an sauke shi a bakin titi. Ya ga tsohon ya sunkuya ya gaya mata wata magana gajera. Ya ga yayan ya ɗaga akwatin ya mayar cikin but ɗin motar.

Shehun Ibraniyanci ya buɗe tagar da sauri. Ya laluba duk kalmomin da ya tara, tsofaffi da sababbi, bai sami ko ɗaya da ake tsayar da mota da ita ba.