Turmina Ya Tafi Hutu

Jama'a, yau da hantsi na biya kuɗin ƙofa don in ga turmina. Nawa na kaina, na ƙirya, wanda na gada wurin Innata.

Bari in faro muku daga tushe. Da aka ba yara hutun ƙarshen shekara, sai manya, Allah ya ƙara wa tumbinsu albarka, suka ce bana hutu ba zai tafi a banza ba. Aka kewaye filin firamaren ƙauyenmu, nan hanyar Bagwai, da kwanon rufi, aka kafa rumfuna, aka hura gidan roba na tsalle-tsalle, aka ce Kasuwar Hutu ke nan. Can gefe aka yi rumfar gargajiya, don mutanen birni su zo su ga yadda muke rayuwa, sai ka ce mun mutu. Don ita aka aiko aron turmina, wai na mako guda. An ce kayan aro ba ya rufe katara. To, na manya har wuya yake rufewa.

Mako na cika sai ga sanarwa: Mai Girma Garkuwan Hutu, Dodon Ranar Litinin, ya tausaya wa talakawa ya ƙara hutu saboda sanyi. Sanyin nan akwai hankali. Yana kama yaro a cikin aji, amma ba ya taɓa shi a layin sayen alawa.

Gari ya rabu. Uwaisu mai adaidaita sahu, da ke jigilar baƙi daga Ungogo, cewa yake a bar hutun ya kai damina. Malama Fauziyya, wadda aka cika ajinta da katan-katan na lemo, ta ce ran da aka koma daga a, ba, ca za ta faro. Ɗana Abdulkabir ya bugo daga Rijiyar Zaki yana gaya mini hutu na gyara ƙwaƙwalwar yara. Dole ya faɗa, tunda ƙwaƙwalen nasa duk suna gidana suna jiran fura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Turmin maƙwabta sai an bi layi kamar gidan mai, inji kuwa bai iya kirɓa fura ba. Shi ya sa yau na dafa abina, na rufe ƙwarya da faifai, na nufi kasuwar. Na tarar an cusa wa turmina furannin roba, wata hajiyar birni ta riƙe taɓarya da 'yan yatsu kamar za ta cije ta, ana ɗaukar ta hoto. Na ce, "Baiwar Allah, ɗan matsa." Na zubar da furanni, na yi bisimilla, na hau kirɓi har da tafi. Kafin in ɗago, wayoyi sun yi mini rumfa.

Ana haka sai ga Garkuwan Hutu da kansa, rigarsa na sharar ƙasa. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya tambayi na bayansa inda suka samo wannan tsohuwa, wai ta iya kwaikwayo kamar gaske.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yunwar jikoki ce ta koya mini. A taimaka a ba ni turmina."

Ya yi dariya, ya ce kada in damu, hutu na ƙarewa za a kawo mini har gida. Na yi godiya, don ba a jayayya da mai babbar riga.

Da la'asar Uwaisu ya faka a ƙofar gidana, bakinsa har kunne. Wai hotona ya zaga wayoyi, mutanen birni sun ce sai sun zo sun ga tsohuwa mai daka, don haka Mai Girma ya sake ƙara hutu saboda buƙatar jama'a. Har ya yi mini alkawarin kai ni kyauta. Malama Fauziyya kuwa ta wuce ni ko sannu babu.

Da hannuna na kirɓa wa kaina. Gobe ma zan koma, cikin jika bai san hutu ba. Roƙona ɗaya ga manya: ran da za a mayar da kayan aro, a duba da kyau, tsohuwar ma ba tasu ba ce.