Yadda Tsohon Masunci Zai Nuna wa Baƙi Kifi Ba Tare da Yawunsa Ya Zuba Ba

Tun da aka hana jefa koma a lungun tekunmu, masuntan tsibirin nan suka koma ɗaukar baƙi kallon kifi. In kai ma abin ya same ka, bi matakan nan, tabbas za ka ci nasara. A kan Duje, mijin ƙanwata, na gwada su.

1. Haɗiye yawu kafin ka buɗe baki

Baƙo da ransa yake son ganin kifi. Ranar farko wata Bajamushiya ta leƙa ta gilashin ƙasan kwale-kwale ta ce, "Wannan mai zanen zinariya, yaya ake ce masa?" Duje ya ce, "Gasasshe, da man zaitun da tafarnuwa." Kada ka yi haka.

2. Sa wa babban kifi suna

Masana, wato ni, sun gano cewa abin da ke da suna yana da wuyar sakawa a tukunya. Akwai wata ƙatuwar kirnja, wani irin kifi mai kaurin leɓe, a kogon dutse. Duje ya sa mata Gwaggo Perina, wai suna kama da surukarsa. Surukar nan uwata ce, amma gaskiya akwai kama. Nan da nan baƙi suka fara layi don gaishe ta.

3. Zubar da ƙugiya

Tonka mai gadin ruwa ta taɓa tsintar guda a aljihun Duje. "Ta sakace haƙori ce," in ji shi. Ta ce, "To, ka sake sakacewa, ka rabu da kwale-kwalen nan."

4. In kifin ya ɓace, kada ka yi rantsuwa

Wata safiya aka wayi gari babu Gwaggo Perina. Duk gari aka zuba wa Duje ido. Tonka ta je har kicin ɗinsa tana shinshina kasko. Ya ce, "Haba Tonka, ni zan ci surukata?" Ba wanda ya yarda.

5. Shiga ruwa

Duje da ciwon gwiwarsa ya yi ta nitso, kogo bayan kogo, har leɓensa ya yi shuɗi. Can bayan hasumiyar fitilar jiragen ruwa ya sami Gwaggo Perina, ta yi sabon ɗaki, ga wani namiji yana zagaya ta. Ya taso yana ihu, "Tonka! Aure ta yi!" Baƙi suka tafa. Shi kuwa ya juya baya yana goge ido, wai gishiri ne.

Gargaɗi: Yanzu Duje alayyafo da dankali yake ci, kuma ko a gidan biki ya ga kifi a faranti sai ya tambayi daga wane kogo aka ɗauko shi. In hakan ya same ka, kada matarka ta kawo ƙara wurina. Ƙanwata ta riga ta daina gaishe ni.