Wanzami Ya Cika a Bakin Rami na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai kula da ciyawar wannan filin golf yake sanar da 'yan wasa da kwamiti da sauran ma'aikata rasuwar abokin aikinsa, injin askin ciyawa wanda kowa ya sani da Wanzami. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, a kan dardumar rami na bakwai, yana tsakiyar aiki. Ya rasu yana da shekara ashirin da uku, goma sha tara daga cikinsu a hannun mutum ɗaya.

Ga wanda bai saba da filin ba, darduma ita ce lallausar ciyawar nan da ke kewaye da rami, inda ake gangara ƙwallo a hankali. Guda tara ne a nan, kuma babu wadda marigayin bai san tudunta da kwarinta ba.

Marigayi mai haƙuri ne, ba mai yawan buƙata ba. Ɗan fetur, ɗan baƙin mai, sai a goge masa jiki da tsumma in an tashi. Bai taɓa tashi a jan igiya na farko ba, domin yana da girmansa. A na biyu yakan ce “tuf”, kamar dattijo yana gyaran murya. A na uku ne zai ce “tuf-tuf-tuf, garrr”, daga nan wuƙaƙensa bakwai su ɗauka, “shak-shak-shak”, har rana ta ɗago raɓa ta bushe. Duk ranar Litinin mai kula da shi yakan wasa masa wuƙaƙe, ya gwada kaifinsu da fallen jarida. In takardar ta yanke tas, sai a fita. In ta tauno, a koma wasawa. Haka suka yi zamansu, ba a taɓa jin kansu ba.

Ya bar tiyo biyu, ɗaya mai yoyo. Baro mai ƙafa ɗaya, wanda aka kawo su rana guda. Manjagara da ta rasa haƙora uku. Da kwandonsa na gaba, wanda har yanzu akwai ciyawar ranar ƙarshe a ciki. Ya kuma bar mutum ɗaya mai shekara hamsin da takwas, wanda bai iya wata sana'a ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga takarda. A farkon shekara kwamiti ya raba wa 'yan wasa tambaya ɗaya: wane gyara kake so a yi a filin nan? Mutum sittin da uku suka amsa. Wasu sun nemi benci da inuwa a rami na biyar. Wasu banɗaki, don kada mutum ya riƙa faɗawa bayan bishiya da sanda a hannu. Wani lauya ya cika shafi biyu a kan tsakuwar da ke cikin kwarin yashi na rami na huɗu, wadda ya ce ta karce masa sanda. Wani ɗan kwangila yana son a kawo ƙananan motocin nan na yawo a fili, saboda gwiwarsa. Akwai wanda abin da ya dame shi kawai shi ne masu nawa, waɗanda sukan tsaya hira ana jiransu a baya. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, mai makoki, wato mai kula da marigayin, bai raina ko ɗaya ba.

Amma mutum arba'in da ɗaya sun rubuta abu guda: ƙwallo ba ta gudu a kan darduma. Suna so ta riƙa sulɓi kamar yadda suke gani a talabijin. A cikin sittin da ukun nan babu wanda ya tambayi me ke aske dardumar, balle ya tambayi lafiyarsa. Sau uku mai kula da shi ya nemi a sauya masa wuƙar ƙasa, wadda ta cinye har ta yi siriri. Sau uku aka ce za a duba.

Don ƙwallo ta yi gudu, abu biyu ake yi: a barbaɗa wa darduma yashi mai laushi, sannan a sassauto da wuƙa ƙasa a yi aski ƙwal. Sai dai ba a haɗa su. In an zuba yashi, sai a jira kwana huɗu ko biyar ciyawa ta huda shi ta fito, kafin inji ya hau. Duk wanda ya taɓa tura injin aski ya san wannan.

An zuba yashi ranar Alhamis. Gasa kuwa ranar Asabar ce, da baƙi daga wasu filayen. Da safiyar Juma'a shugaban kwamiti, likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ya zo har rumfar kayan aiki, abin da bai taɓa yi ba.

“Baba, a aske min su yau. A sauke wuƙa iya sauka.”

“Ranka ya daɗe, yashin bai kwanta ba. Zai ci wuƙaƙen.”

“Ni na yi shekara talatin ina aiki da ƙarfe a bakin mutane, kai za ka koya min ƙarfe? Baƙi ne za su zo. So kake a yi mana dariya?”

Mai makoki yana so a sani cewa a nan ya yi shiru. Ya ɗauko sifana da hannunsa, ya durƙusa, ya murɗa kusoshin biyu, ya sauke wuƙar. Ya ja igiya sau uku, marigayi ya tashi kamar kullum, domin bai taɓa zargin hannun nan ba.

A rami na ɗaya muryarsa ta sauya, “shak-shak” ta koma “ƙas-ƙas-ƙas”. A na huɗu ya fara rawar jiki, har kafaɗar mai tura shi tana amsawa. Da an tsaya nan, da ya rayu. Ba a tsaya ba. A na bakwai ya ce “kiiii”, doguwa, sannan “kaf”. Wuƙar ƙasa ta tsage, ta shige tsakanin 'yan uwanta, sandar tsakiya ta lanƙwashe. Hayaƙi ya ɗan tashi, sai shiru.

Bakaniken da aka kira ya buɗe cikin, ya shafo yashi da yatsa, ya ɗago kai. “Yaya, wa ya ba shi wannan ya ci?” Ya ce irin kayan gyaran injin an daina ƙera su tun tuni, a yi haƙuri.

Ranar Litinin sakatare ya kawo wata takarda mai layi uku, wadda ta ce injin ya mutu ne saboda tsufa. Za a karanta ta a babban taro, daga nan a ba wani kamfani aikin filin, masu injin da ake hawa kamar babur. In mai makoki ya sa hannu, an yi masa alkawarin zama mai ban ruwa a ƙarƙashinsu.

“Baba, sa hannu kawai,” in ji sakatare. “Inji ne fa, ba ƙaninka ba. Ko ƙara zai kai ka?”

A gida ma maganar ɗaya ce. “Baban yara,” in ji matarsa, “ƙarfen nan ne zai ciyar da mu? Ka sa musu hannu, in ya so ka shigo ɗaki ka yi kukanka.”

Kwana uku yana juya abin. Ƙarya a kan wanda ba ya ji, ba ya gani, ba shi da magada sai baro da manjagara, wa ta cuta? Ya nemi wanda aka zalunta, da farko bai samu ba. Daga baya ya tuna cewa wata rana za a sake zuba yashi ana gobe gasa, a sake tsayawa a kan wani mai aski a ce ya hau, kuma ba zai sami abin kafa hujja ba, tunda a rubuce yake cewa tsufa ne ya kashe na baya. Amma ba wannan ne ya fi tsaya masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne daɗin da ya ji da ya karanta layukan nan uku, domin ba shugaba kaɗai suka wanke ba, har da shi.

Ga yadda ya raba alhakin. Mutum arba'in da ɗaya sun so abu, ba su san abin da zai ci ba. Mutum ɗaya ya ba da umarni, an faɗa masa, ya ƙi ji. Mutum ɗaya kuma ya sani sarai, ya ji kukan tun daga rami na ɗaya, ya ci gaba da turawa har rami na bakwai, don kada a ce masa tsoho mai taurin kai. Kason wannan na ƙarshe ya fi na kowa, kuma ya karɓa. Amma ba zai karɓi na sauran ya ɗora wa shekaru ba. Wanzami bai mutu don tsufa ba. Yashi aka ba shi. Takardar tana kan teburin sakatare yadda aka kawo ta, ba a sa mata hannu ba.

An riga an yi wa marigayi wanka da kananzir. Za a fitar da shi ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar baya, domin kwamiti ya ce kada a bi da shi ta gaban masu shan lemo. Motar mai gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, za ta jira a bakin titi, a nan za a ɗora shi a sikeli. Ba a buƙatar masu ɗaukar gawa, wanda ya saba tura shi zai tura shi. Ana karɓar gaisuwa a rumfar kayan aiki har ƙarshen wata, ranar da mai makoki zai miƙa makulli.

Iyalin mai makoki ba za su halarta ba. Matarsa ba ta yi masa magana ba tun da ta ji abin da ya yanke, shi kuma bai ce ba ta da gaskiya ba. Allah ya ba ta haƙurin zama da shi.