Ƙugiyar da Ta Kunyata Ni

Ba zan taɓa mantawa da gwangwanin madarar nan ba, ko da na so, mutanen Gangara ba za su bar ni ba.

Shekarun fari da yunwa ne, ina koyar da Hausa a firamare. Ni ne malamin da ke zane yaro in ya rubuta ƙ babu ƙugiya. Sai wani ƙari ya fito mini a ƙasan gwiwa, tauri kamar dutse. Kowa ya gani sai ya ce yanke ƙafar za a yi. Tsoro ya hana ni sukuni.

Daga asibitin Sabon Birni aka tura ni Sakkwato, da takarda bugun tafireta: "Gwajin kashi, Litinin." Malamin asibitin ya ce, "Ka gane, Malam?" Na ce, "Ni hwa malamin Hausa na!" (Tafireta ba ta da ƙugiya, na sani sarai. Girman kai ne ya rufe mini ido.)

A shekarar da tuwo sau ɗaya ake ci, samun abin gwajin ma aiki ne. Kwana biyu ina fama. Na zuba a gwangwani, na naɗe da tsumma, muka hau mota da surukina Alhaji Bawa, wanda ya nace sai ya raka ni. Rana ta take, wari ya cika motar. Tun kafin mu wuce Isa fasinjoji suke hararar wani bawan Allah mai akuya. Ni ma na taya su hararar.

Muna shiga wurin likita na ajiye gwangwanin a teburinsa da hannu biyu. Ya buɗe, ya rufe da sauri.

"Malam, mi na wanga?"

"Abin gwajin na, likita."

Ya duba takardar, ya dube ni. "Ƙashi muka ce! Ƙashin ƙahwa!"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Ashe mun ɗauki alhakin akuya," ya ce a hankali. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ƙarin dai ba mugu ba ne. Aka yi mini aiki, aka kankare shi daga jikin ƙashin, na dawo da ƙafata. Sunana ne bai dawo ba, har yau Malam Gwangwani ake kirana.

Tun daga nan na ajiye bulala. In yaro ya manta ƙugiya, sai in kira shi in tambaye shi a hankali: "Wanne kake nuhi?"