Kilo Biyar na Alayyahu

Ana gobe sunan ɗan ƙanena a Illo, surukar ƙanen nawa ta roƙe ni in kawo dafaffen alayyahu kilo biyar don kwaɗon baƙi. Ita daga tsallaken Benin take, can komai sai an ɗora a sikeli. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni da na tsufa a bakin murhu.

Lissafina bai da wuya. Kwanon shinkafa ya kai kilo, to kwano biyar na ɗanyen ganye ma kilo biyar ne. Har na ƙara ɗaya don alheri. Da na dafa na matse, ya koma dunƙule biyu kamar fura. Na ce nauyin yana nan, taruwa kawai ya yi. Na zuba a babbar kula, na hau mota daga Bagudo.

Tsohuwar ta ɗora a sikeli gaban mata, allurar da ƙyar ta motsa.

"Ɗiyata, wanga na ɗanɗano ne? Ina sauran?"

Baiwar Allah, a ɓoye ta aika maƙwabta aka tsinko zogale.

Yaron yanzu ya shiga makaranta, kuma har yau ya ɗauka sunana na yanka ne Gwaggo Kilo Biyar.