Turaren Wuta a Injin Busar da Kaya

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da aka yi bikin Yaya Sadiya a gidan Gwaggo, can Gwale. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, gida ya cika da 'yan biki da jiƙaƙƙen wanki. Allah Ya taimaka, ɗan Gwaggo, Yaya Mukhtar, ya dawo daga karatu da injin busar da kaya, mai maɓallai da ɗan gilashi mai nuna lambobi. (Ni kuwa a lokacin, duk littafin soyayyar da na karanta, fuskarsa nake liƙa wa jarumin. Shi bai ma san ina yi ba.)

Safiyar ɗaurin aure ya miƙo min farar shaddarsa da danshinta. "Ƙanwata, jefa min a inji. Na tsakiya kawai za ki danna."

To a littattafan nan, budurwa ba ta mayar wa namiji kaya babu ƙamshi. Na dubi injin, ga zafi, ga murfi, na ce ai wannan kabbasar turara kaya ce ta Turawa. Na ɗebo turaren wutar amarya cike da tafin hannu, mai danƙon nan, na watsa a kan rigar, na rufe, na danna. Na jingina da bango ina tsara yadda zai shaƙa, ya lumshe ido, ya kira sunana a hankali.

Can sai injin ya tsaya cak, ya hau kuka, wata jar lamba tana ƙiftawa.

Yaya Mukhtar ya fito da singileti. Ya zare soket ya mayar, lambar ta dawo. Gwaggo ta ce wutar ce ba ƙarfi, aka tayar da janareta, duk ɗaya. Gidan biki ne, ko'ina ƙamshi, ba wanda ya zargi komai. Ya tsuguna yana neman ma'anar lambar a waya.

"Wai iska ba ta fita. Kin saka wani abu ne?"

"Rigar ce kawai," na ce, ina kallon sama.

Ya buɗe murfin, ya zaro ragar da ke tace iska. Ta toshe da narkakken turare kamar maɗi. Shadda kuwa ta yi ɗigo-ɗigo sai ka ce zabuwa.

Gwaggo ta shinshina. "Wannan ai turaren Sadiya ne. Wace 'yar albarka ce ta turara mana inji?"

Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta ce, "Au!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gida ya kwashe da dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Da rigar aro ya je ɗaurin aure. Yanzu Gwaggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta, shi yana Kaduna da iyalinsa, ni kuma har kewar wannan dariyar nake yi.

Na dai koyi darasi: littafi yana koya miki yadda ake sace zuciyar namiji, amma ba ya faɗin wa zai kankare raga. Ni na kankare ta, da tsinken tsintsiya, ina jiyo kiɗan biki daga tsakar gida.